Rigar Sanyina Ta Riga Ni Zuwa Turai

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a unguwar Kampung Baru da ke Kuala Lumpur, ranar da na miƙe tsaye gaban ƙawayena ina karantar da su dokokin shiga Turai. Har yau in na tuna sai na rufe fuska da mayafi, ko da ni kaɗai ce a kicin, daga baya kuma dariya ta ƙwace mini.

Mun daɗe a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Karatu ne ya kawo maigidana, Abban Hanifa, da ya gama aka riƙe shi yana koyarwa, muka ci gaba da zama a wani bene a unguwar Cheras. Na saba da garin har na fara ganin kaina 'yar gida. Da Malayanci nake cinikin kifi a kasuwa, "boleh lah", wato "ba matsala", ba ya barin bakina, kuma da safe na fi son shinkafar kwakwarsu a kan koko da ƙosai (don Allah kar a kai wa Ummata wannan maganar). Ƙawayena ma yawanci Malayawa ne, matan da muke karatun Alƙur'ani tare a masallacin unguwa.

Babbarmu ita ce Kak Nor, wato Yaya Nor, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ita ta kawo shawarar mu haɗu mu je Bosniya yawon buɗe ido. Ta ce ƙasar Turai ce amma cike take da Musulmi, ga masallatai, ga nama halal, ga dusar ƙanƙara. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firiza, nan take na ce da ni za a je. Ban tsaya nan ba, na ce ni zan tsara tafiyar gaba ɗaya, ba sai an nemi kamfani ba. Allah ya yi ni da son a ce ni na sani, wannan halin ba yau na fara shi ba.

Abu na farko da na ci karo da shi a intanet shi ne 'yan Malesiya ba sa buƙatar biza in ziyara ce ta ɗan lokaci. Na gyaɗa kai na ce alhamdu lillahi, an hutar da mu. Daga nan na wuce zuwa abin da na ɗauka shi ne mai muhimmanci. Na nemo masauki kusa da tsohuwar kasuwar Sarayebo, babban birnin Bosniya, na koyi sunan kuɗinsu, na gano cewa ƙananan shaguna sun fi son kuɗi a hannu a kan kati. Kowa ta sayi tikitinta, ni ma na sayi nawa, kuma shafin sayar da tikitin bai tambaye ni komai ba.

Mutum ɗaya ne ya tambaye ni. Muna cin abinci Abban Hanifa ya ɗago kai ya ce, "Maman Hanifa, batun biza fa? Kin duba sosai?"

Na ajiye cokali na ce, "Abban Hanifa, ni ce fa nake koya wa mutane wannan abin. Visa-free ne, ba a buƙatar komai."

Ya dube ni kamar zai ƙara magana, sai ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da cin tuwonsa. Jarrabawar ɗalibai ta sha masa kai a lokacin, kuma ya san in na hau kan magana ba na sauka.

Na je kantunan Bukit Bintang na sayi wata ƙatuwar rigar sanyi ruwan hoda, mai hula da gashi a bakinta. Ina sanye da ita a gaban madubin shago, gumi na tsatso mini, na ɗauki hoto na tura wa Umma a Kano. Kun san mu ba ma tafiya babu sallama. Na kira Umma, na kira ƙannen Baba, na kira har wata gwaggo da rabona da ita tun bikina. Umma kuwa ba ta ɓoye farin ciki. Kafin mako ya zagayo duk layinmu ya san 'yarta za ta Turai. Ta yi sadakar waina don Allah ya kai ni lafiya, gwaggo kuma ta aiko a ce mini ita turare take so, na can na ainihi.

Ana saura 'yan kwanaki mu tashi, Kak Nor ta gayyace mu cin abincin rana a wata rumfa a Kampung Baru, don a yi bitar ƙarshe. Ta ce kowa ta zo da fasfo. Bayan an ci an sha, na miƙe na gyara mayafi na fara jawabi. Na ce kowa ta tabbata fasfonta yana da sauran watanni a gaba. Na ce a riƙe tikitin dawowa da shaidar masauki kusa, don ana iya tambaya a filin jirgi. Na ce a bar takalmi mai tsini a gida, titunan tsohon gari duwatsu ne. Na ce rana na saurin faɗuwa a can da sanyi, a kula da La'asar. Har yadda ake shan gahawarsu na kwatanta, a gutsuri sukari a baki sannan a kurɓa (ni da ko ƙamshinta ban taɓa ji ba). Na rufe da cewa, "Babban abin daɗin shi ne ba mu da wahalar biza. Fasfo kawai za mu miƙa mu wuce."

Suka tafa mini. Wallahi na ji daɗi har cikin raina.

Sai ɗaya daga cikinsu ta ce mu haɗa fasfo a tsakiyar tebur a ɗauki hoto. Kowa ta zaro nata ta ajiye. Ja, ja, ja, duk jajaye. Na buɗe jaka ina murmushi na ɗora nawa a kai, kore shar, da tambarin Nijeriya yana ƙyalli.

Mai ɗaukar hoton ta sauke wayarta a hankali. Kak Nor ta ɗauki fasfon nawa ta buɗe, ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Adik, ƙanwata, ina bizar taki? Ko tana wani wuri ne?"

Na ce, "Kak, ai yanzu na gama bayani. Ba ma buƙata."

Ta ce, "Mu ba ma buƙata, lah."

 Na kalli jajayen nan, na kalli korena, sai a lokacin abin ya faɗo mini. Takardar zama ce nake da ita a Malesiya, ba ta mayar da ni 'yar ƙasa ba. Shekarun da na yi ina cewa "boleh lah" babu wani jami'in shige da fice da zai lissafa su. Ashe duk cikinsu babu wadda ba ta yi tunanin bizar tawa ba, kawai dai kunyarsu ta Malayawa ce ta hana su tambayar wadda take koya musu doka. Na so ƙasa ta buɗe in shige. Maimakon haka wata ta turo mini farantin soyayyar ayaba ta ce, "Makan dulu, ci tukuna." Na ci kuwa, don ban san me zan yi da hannuna ba.

Da na bincika sai na tarar neman bizar zai ɗauki lokacin da ba ni da shi. Na gaya wa Abban Hanifa ina jiran ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Shiga ɗaki kawai ya yi ya rufe ƙofa, ina jiyo shi yana tari irin na mai danne dariya.

Kiran Umma shi ne ya fi mini nauyi, don ita ce za ta fuskanci mutanen da suka ci waina. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa. Sai ta ce, "Ke yanzu da kika buɗe fasfon naki kullum, wane gari kike gani an rubuta an haife ki?" Na ce Kano. Ta ce, "To, ashe kin sani." Ta yi dariya har tana neman numfashi, ta ce sadaka dai ba ta faɗuwa, gwaggo kuma ni zan kira ta da bakina.

Ranar tafiya na raka su filin jirgi, na miƙa wa Kak Nor takardun masauki, da rigar sanyin, don tata ba ta da kauri. Duk abin da na tsara ya tafi daidai, ko ɓata hanya ba su yi ba. Suka yi ta turo hotuna, a cikinsu har da na Kak Nor a kan wata tsohuwar gada ta dutse, ƙanƙara na sauka, ta lulluɓe cikin rigata ruwan hoda. Ban ji haushi ba, na ma tura wa Umma. Ita kuma ta nuna wa maƙwabta, kuma da yake hular ta rufe rabin fuska, wata ta ce kai, Turai ta karɓe ni, har na yi fari.

Yanzu in na ga an rubuta ba a buƙatar biza, jaka nake fara buɗewa in duba launin fasfona kafin in kira kowa a Kano. Rigar tana nan rataye a kabad. Duk gidanmu ita kaɗai ce ta taɓa zuwa Turai, kuma ko tambayarta biza ba a yi ba.