Yadda Na Ƙara wa Babana Murya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a da na tara dattawan layinmu a ɗakin mahaifiyata, na zuba musu shayi da hannuna, sannan na kunyata kaina a gabansu ba tare da taimakon kowa ba. An kwana biyu da yin abin, amma har yau in na gifta shagon masu sayar da kayan sauti, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Daga wani kaset abin ya faro. Mma, wato mahaifiyata, tana fitar da kayan adakarta ta shanya bayan damina, sai ta ci karo da shi a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Zamanin da babu waya a hannun kowa, mahaifinmu ya yi shekara biyu a Abijan yana harkar goro, kuma shi ba ma'abocin wasiƙa ba ne. Rediyo yake sawa a gaba ya yi maganarsa, ya ba direba kaset ya kawo Lome. A saurara, a ɗauki amsa a kan kaset ɗin nan dai, a mayar masa. Haka mutanen unguwarmu ta Zongo da dama suke yi, shi ya sa saƙonnin suka yi ta shafe juna. Wannan ɗaya ne ya tsira. Baba ya rasu ina da shekara goma sha huɗu, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake jin muryarsa.

Mma ta kira ni. (Ni ne ɗan fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai" nake a bakinta, ga furfura har a gemu.)

"Kai, ka samo mini rediyo mai cin kaset. Ina so in ji Malam kafin kunnen nan ya ƙarasa tafiya."

Ba da wasa ta faɗa ba. Kunnenta na hagu ya daɗe da yin sallama, na daman ma sai an matso. Abin da ta nema ke nan, ƙaramar rediyo. Da na je na samo mata ita na yi shiru, da babu labarin nan. To amma ni mutum ne da in na ga ɓera a kicin, kafin in isa majalisa ya zama rago. Na dafa ƙirji na ce, "Mma, wace irin rediyo kuma? Zan haɗa miki kayan da za ki ji kamar Baba na zaune a kan tabarmar nan."

Ta ce, "To."

Gaskiya na fara da hanya mai kyau. Na hau zem, babur ɗin haya ke nan, na tafi unguwar Nyékonakpoè wurin Fo Kossi, wani ɗan ƙabilar Ewe mai gyaran rediyo da ya yi zama cikin Hausawa har yana jin Hausa fiye da 'ya'yana. Na ce masa ina son amfili, wato na'urar ƙara sauti, mai ƙarfi da manyan sifikoki. Bai ɗago daga abin da yake liƙawa ba.

"Alaji, ɗakin ƙafa nawa ne?"

(Ban je Makka ba. Tumbi ne ya ba ni sarautar.)

Na ce, "Ɗaki dai."

"Rufin kwano ko na kankare? Me za a ji, kiɗa ko magana? Wa zai ji?"

Na ce tsohuwa ce za ta ji maganar mijinta. Sai ya ajiye ƙarfen hannunsa ya ce in haka ne ƙananan sifikoki biyu sun isa, da amfili daidai ƙarfinsu. Wai muryar mutum a tsakiya take zama, ba a can ƙasa inda ganga take ba, kuma kunnen tsoho in aka cika masa gurnani sai kalmomin su nutse. Ya nuna mini wasu 'yan akwatuna biyu a kan kanta, kowanne bai fi burodi ba. Na dube su na ji kamar an zage ni. Ni da na yi alkawarin dawo da mutum kan tabarma, in shiga layi da burodi biyu a hammata? Na yi masa godiya, na ce zan dawo, irin "zan dawo" ɗin da ni da shi muka san ma'anarta.

Daga nan sai bakin tashar jiragen ruwa, inda ake baje tsofaffin kayan Turai. Wani ɗan Maraɗi mai fara'a ya tarbe ni, kallo ɗaya ya yi mini ya gane irin kifin da ya shigo komarsa. Bai tambaye ni ɗaki ba, bai tambaye ni kunne ba. Wasu baƙaƙen sifikoki biyu ya kai ni gabansu, tsayinsu ya kawo mini ƙirji, ya ce, "Alhaji, ɗaga ka ji."

A nan aka kama ni. Mu da hannu muke sayen kaya. Rago a ɗaga shi, doya a ɗaga ta, atamfa ma sai an auna ta a tafin hannu kafin a yarda ta gaske ce. Na rungumi sifikar nan na yunƙura, ko gezau ba ta yi ba, bayana ne ya amsa. Nan take zuciyata ta ce wannan ita ce mai kyau. Amfilin ma haka na zaɓe shi: na ɗaga uku, na ɗauki wanda ya fi wahalar da ni, mai fitilu kore da ja suna tsalle. Ya sa mini wani kiɗa a filin Allah, na ji hanjina yana canja wuri. Ban ce ya sa mini magana in ji ba. Tunanin bai ko zo mini ba. Ya haɗa mini da na'urar cin kaset, muka rabu kowa yana ganin ya ci riba.

Mai zem na farko da na tsayar ya dubi kayan, ya dube ni, ya ja babur ɗinsa ya yi gaba. Sai da na ɗauki babur mai ƙafa uku. A gida kuma sai da aka cire ƙyauren ɗakin Mma. Matata Adiza ta tsaya riƙe da ludayi tana kallo.

"Baban Rabi, firji biyu ka sayo mata?"

"Ke ba ki san sauti ba."

"Na dai san ɗakin. Ina za ta yi salla?"

Na tura su kusurwa biyu, na manna su da bango, na murɗa maɓallin gurnani har ƙarshe kamar yadda na ga ɗan Maraɗi ya yi. Na so in gwada kaset ɗin, Mma ta hana. Ta ce tsohon zare ne, ba ta san sau nawa ya rage masa ya juya ba, ba za a ɓata ɗaya a gwaji ba. Ni kuma maimakon in nemi wani kaset na magana in gwada, sai na tafi gayyata. Na bi abokan Baba da suka rage a raye gida gida, na ce su zo bayan Juma'a su gaisa da amininsu. Haka na faɗa, "su gaisa". Har da Baba Isufu, wanda suka yi fataucin goro tare tun suna samari, yanzu sai da sanda.

Suka zo su biyar, suka zauna a takure, gwiwa na gogar gwiwa, don kayana sun cinye rabin ɗakin. Na yi ɗan jawabi a kan ci gaban zamani. Mma ta kwance ɗankwalin a hankali ta miƙo mini kaset da hannu biyu. Na sa, na danna.

Da farko wani huci ya fito, kamar iska kafin hadari. Sai kuma abu ya yi magana. Ban ce mutum ba, abu. Kwanon rufi ya ɗauka, kwanukan jeren Mma suka shiga kaɗawa, shayin da ke cikin kofuna ya yi ta rawa. Kamar tirela ce ta tsaya a tsakar ɗaki tana ƙoƙarin yin sallama. Ana jin tashi da saukar magana, amma ko kalma ɗaya ba ta fita.

Da a nan na tsaya, da kuskuren mai sayen kaya ne kawai, kowa na yi. Amma sai na ji ƙwalla ta cika mini ido, kuma wallahi ba ta ƙarya ba ce. Na dafa ƙirji, na ɗaga murya sama da ta tirelar na ce, "Allahu akbar, Baba ke nan. Haka yake magana. In ya yi gyaran murya a zaure, gidan nan gaba ɗaya girgiza yake."

Baba Isufu ya karkato da kai ya dube ni.

"Wane Baban?"

"Babana mana."

"Yaro, ubanka siririyar murya gare shi. A rumfar goro sai ya taɓa kafaɗar mutum kafin a san yana magana. Shekara talatin ina ce masa ya maimaita."

Sauran suka gyaɗa kai. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na juya wurin Mma ina neman ceto. Idonta na kan baƙar sifikar da ke kusa da ita, tana kallonta yadda ake kallon baƙon da ya shigo gida ba izini.

"Kashe," ta ce. "Wannan ba Malam ba ne."

Na kashe. Ta miƙo hannu, na ciro kaset na ba ta, ta naɗe shi a ɗankwalinsa ta tura ƙarƙashin matashi. Dattawa suka shanye shayinsu, suka yi wa mamaci addu'a, suka fita ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar da ba ta da ƙyaure.

Kwana uku ban je majalisa ba, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa ni yi ba. Ba asarar ce ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini shi ne na ji gurnani na rantse mahaifina ne. Na yi ta juya abin, sai na gane inda na samo waccan muryar. Yawancin lokutan da na fi tuna Baba yana kirana, na yi laifi ne, ina maƙale a bayan randa. Yaro mai laifi ko raɗa aka yi masa, aradu yake ji. Na girma da aradun, na yi ta ba 'ya'yana labarinsa ina ƙara masa kauri duk shekara, har na je na sayo akwatunan da suka yi daidai da ƙaryata. Mutumin gaskiya kuwa, mai taɓa kafaɗa, na bar shi ya ɓace mini ban sani ba. Ga Mma kuma ta rasa juyi ɗaya na zarenta a banza, kunnen nan bai fasa tafiyarsa ba.

Rana ta huɗu na koma Nyékonakpoè. Na ba Fo Kossi labari, karo na farko a rayuwata ban ƙara gishiri ba. Ya ce kayan gidan rawa na sayo, kuma da wuya in ƙananan bakunan da ke fitar da siririn sauti ba su mutu ba tun a Turai. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya rufe shago, ya sa ƙananan sifikokin nan da kayan aikinsa a jaka, ya biyo ni Zongo.

Sai da ya durƙusa ya gaida Mma da Hausa, ya yi mata bayani cewa a wannan juyin zai kwafe maganar a waya, ta yadda ko zaren ya tsinke muryar na nan. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta sa hannu ƙarƙashin matashi. Ya goge kan na'urar da auduga, ya ɗora ƙananan sifikokin a kan tebur daidai tsayin kunnenta, ya janye su daga bango, ya karkata ɗaya wajen damanta. Mu huɗu ne kawai a ɗakin, har da Adiza. Ya danna.

"Salamu alaikum."

Siririya, a hankali, da ɗan kaushi a ƙarshe, kamar mai jin kunyar rediyon da ke gabansa.

"Wa alaikumus salam, Malam," in ji Mma, ta gyara lulluɓinta.

Ya gaida kowa da suna. Ya ce ruwa ya yi yawa a Abijan, goro yana ruɓewa. Ya ce ya aiko da turmin atamfa ɗaya, kada ta ba kowa, nata ne. Ni ina tsugune a bakin ƙofa ina sauraron mutumin da na sani kuma ban sani ba. Can wajen ƙarshe ya yi ɗan tari ya ce:

"Shi kuma babban yaron nan, direba ya ce mini yana gaya wa 'yan makarantarsu wai ina da jirgin ruwa a nan. Ku ce masa tebur gare ni, shi ma na aro ne. Ya rage."

Adiza ta toshe baki da mayafi ta fice. Fo Kossi ya duƙufa yana duba wata waya da ba abin da ya same ta. Mma kuwa ta yi dariya har da hawaye, irin wadda na daɗe ban ji ta yi ba.

Na ce, "Mma, me ya sa ba ki isar mini da saƙon ba?"

"Na isar. A ranar ma. Kana ta surutu ba ka ji ba."

To, yanzu na ji, da muryar mai saƙon kuma. Umarnin uba ba ya tsufa, don haka na rage. Ban daina ba, ai bai ce in daina ba. In kun ji ina ba da labarin nan a majalisa na ce dattawa hamsin ne suka zo kuma rufin ɗakin ya yaye, ku yi mini uzuri. A da ɗari zan ce.