Ɗan Ja Ya Rasu a Hanyar Gagarawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki a sanyaye, ni Malam Habibullah na Sule Tankarkar nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗin gidanmu, wanda aka fi sani da Ɗan Ja. Rai ya yi halinsa a wannan kaka, a wata hanyar rairayi kusa da Gagarawa, yana ɗauke da ɗana Zayyad da tabarma da butar shayi.

Marigayin ya zo mana da tsufansa, domin na hannu ne, amma bai taɓa nuna mana ya zauna a gidan da ya fi namu ba. Ya ɗauki taki, ya ɗauki buhun gero, ya kai akuya kasuwar Maigatari tana yi masa ihu tun daga ƙofar gida, bai tanka ba. Shi ya kai maiɗakina Kande asibitin Gumel lokacin da hawan jini ya kayar da ita. Bai raina man kwalba ba, ko wanda aka yi wa haɗi. Da safe yakan yi tari, kuf, kuf, sannan ya gyara murya ya ce tu-tu-tu-tu, unguwa ta san gari ya waye.

Sai dai babban alherinsa a wurina ba kaya ba ne. Shi ya riƙe min Zayyad a gida. Samarin layinmu sun watse, sun bi ta Damagaram sun yi arewa haƙar zinare. Wasu sun aiko da hoto, wasu ko gaisuwa. Ɗan maƙwabcina tun da ya tafi uwarsa ba ta sake jin muryarsa ba. Shi kuwa Zayyad yana acaɓa da Ɗan Ja, ya fita da safe, magariba ta same shi a tsakar gida yana wanke ƙafa. Ni iyakar abin da nake roƙo ke nan.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Da aka gama girbin gero, na lura Zayyad da abokansa biyu, Bilal da Hamma, sukan yi shiru in na zo wucewa, kuma na san maganar da ake yi wa irin wannan shiru. Sai na ce su ɗauki baburansu su zagaya ƙasarmu su sha iska. A lissafina, in yawo ƙafarsa ke so, gara ya yi shi inda zan iya aikawa a kira shi.

Suka bi ta Maigatari suka ga raƙuma, suka sauko Gumel, suka nufi Gagarawa. Inda rana ta faɗi nan suke shimfiɗa tabarma, su ɗaura gidan sauro a jikin babura, su gasa gyaɗa, su dafa shayi. Sun kwana a rugar dangin Hamma an shayar da su nono. Zayyad ya kira uwarsa yana dariya, irin wadda muka daɗe ba mu ji ba. Na ce a raina dabara ta ci.

A wata gona da aka share, kututture ya soki marigayin a ciki, baƙin mai ya tsiyaye a ƙasa. Babu bakanike, babu gari kusa. Suka toshe hujin da sabulu. Abin da ya rage a jaka kwalbar man gyaɗa ce da Kande ta ba su don girki. Bilal ya ce ai mai duk mai ne. Suka ɗura masa.

Bawan Allah bai ƙi ba. Ya tashi, ya yi tafiya, yana ƙamshin ƙosai, har an ce yaran wani ƙauye sun fito da kwano. Daga nan ya ce ƙarrr, ya ce ƙas, bai sake cewa komai ba.

A amalanken shanu aka fito da shi titi, akori-kura ta kawo shi gida. Dogo bakanike ya buɗe injin, ya shinshina, ya daɗe yana goge hannu, sannan ya ce, “Malam, sai haƙuri. Wannan ba gyara yake so ba, ya soyu.”

Marigayin ya bar madubi ɗaya, da famfon iska da ba shi da wanda zai yi wa aiki, da igiyar roba. Ya bar 'yata Mansura, wadda yanzu a ƙafa take zuwa makaranta. Ya bar Kande, tana cewa da ta sani da manja ta ba su, kamar hakan zai canza wani abu. Ya bar Zayyad, zaune a dakali babu sana'a. Ya bar ni, ba ni da halin sayen wani, ba bana ba, ba baɗi ba.

Game da jana'iza, na san al'adarmu ba a barin mamaci ya daɗe, kuma ban taɓa saɓa wannan ba. Amma Zayyad ya same ni, ya durƙusa cikin ladabi, ya ce in an sayar wa 'yan gwangwan da gawar, a taimaka masa da abin da aka samu ya cika kuɗin mota. Ban tambaye shi motar ina ba. Ya riga ya wanke jakarsa ya shanya.

Saboda haka gawar tana zaure, na rufe ta da tabarma. Na ce masa ana jiran wani bakanike daga Gumel ya sake dubawa. In wannan ya zo ya tafi, zan ce akwai wani a Maigatari.

Ana karɓar gaisuwa kullum bayan la'asar a ƙofar gidana. Masu zuwa, don Allah kada a kawo labarin wanda ya yi arziki a arewa. 'Yan gwangwan kuma ina roƙonku, ku riƙa bi ta wani layin, kada ku yi kira a namu.

Za a sanar da ranar jana'iza idan dabarata ta ƙare. Kande ta ce dabarar ba za ta kai Juma'a ba.