Wa Ya Ɗamre Wayar Bafil?

"Ina wuni, mai kashe radiyon mutane?"

"Lahiya lau, kurman direba. Mi ya kawo ka?"

Kalla ya rufe ƙofar mota da ƙarhi, ransa a ɓace. Shi ka yawo ƙauyukka da motar ƙungiyar manoman albasa ta Madawa, bafil biyu, watau lasifika, bisa kai, yana shela. Satin da ya wuce ya ce za a raba iri ran Laraba. Mutanen Sabon Gida, cikin ƙarar bafil, sunka ji Lahadi, sunka zo da amalanke sunka iske magaza, ɗakin ajiyar iri, a kulle. Shugaban ƙungiya ya rantse in anka sake, zai amshe makullin mota. Shi ya sa Kalla ya haɗiye girman kai ya zo tasha, shagon Zulaihatu, ɗiyar kawunsa, tobashiyarsa, wadda ta koyo gyaran kayan sauti a Tawa.

"Kunna mini in ji," in ji ta.

"Ki ji da mi? Kunnuwan da ko kiran kawu ba su ji?"

"Ni ban aiki da kunne, bawana. Awo nika yi."

"Wa ne bawanki? Ni na goye ki kina majina!"

"Ka yar da ni sau biyu. Matsa."

Ta kafa mikoro, abin ɗaukar murya, taki goma gaban mota, ta jona shi da ordinater, watau kwamfuta, ta saki wata ƙara shuuu kamar ruwa bisa kwano. Wani layi ya fito a gilashi yana rawa.

"Ke! Na kawo miki aikin da zan ci abinci, kin sa mini kukan maciji?"

"Dubi nan. Ka ga ramin ga na tsakiya? Nan muryar mutum take. Motarka ta cinye ta dut."

"Ƙarya! Injinki ne ke jin yunwa."

Ta hau bisa mota, ta jawo wayoyi, sai ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Innalillahi! Wane azzalumi ya sa ja wurin baƙi? Bafil guda na turawa, guda na ja. Wa ya ɗamre wayar ga?"

Kalla ya dubi kasuwa. "Haka ta zo daga Turai."

"Turawa na ƙullin akuya? Wanga ƙulli da shi kaka ɗamre akuyar gwaggo, na san shi tun muna yara!"

"Sharri! Ni da na yi lakwal, na yi boko!"

"Kwana tara, mushe malaminku ya kore ka."

Ta juya wayoyin, ta rage dundun, kaurin sautin da Kalla ya murɗe har ƙarshe, ta sake awo. Layi ya miƙe. Ta miƙa masa mikoron shela.

Kalla ya gyara murya a hankali ya ce, "Jama'a, ran Laraba..."

Can ƙarshen tasha wata mai tallan nono ta waiwayo ta ɗaga murya, "Mi za a yi ran Laraba?"

Sai dariya ta ƙwace wa Kalla har ya dafa mota.

"To, na ji. Ni na ɗamre ta. Amma kada kawu ya ji."

"Bakina babba ne, sai an toshe shi."

Ya nufi wurin mai kilishi yana girgiza kai. Zulaihatu ta ɗauki mikoron, muryarta ta cika tasha tas.

"Mai kilishi! Ka ba bawana mai yaji, babban falle!"