Ranar da Na Haɗa Barkwanci da Barkono

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Kiyawa ba, shekaru kaɗan bayan an mayar da Dutse babban birnin jiha. Lokacin ina sabon malamin Hausa a sakandare, ina tafe ina jin duk faɗin Jigawa ba wanda ya kai ni sanin harshe.

Wata ɗaliba, Hadiza, ta taɓa tambayata daga ina kalmar barkwanci ta samo asali. Ban sani ba. Amma ina ni ina faɗin haka a gaban yara? Nan take na ce daga barkono ne, domin magana ce 'yar ƙarama mai yaji. Abin ya yi mini daɗi har na rubuta a allo, na sa suka haddace. (Har a jarrabawa na kawo shi, Allah Ya yafe mini.)

A wannan Larabar sai ga mai duba makarantu daga Dutse, wani dattijo, Alhaji Sule, wanda ƙarin girmana ke jiran sa hannunsa. Ya zauna a bayan aji tare da shugaban makaranta. Don in burge shi, ni da bakina na jefa wa yara tambayar. Suka amsa baki ɗaya kamar masu karatun allo.

Dattijon ya tambaye ni a hankali a wane littafi na gani. Na ce a ƙamus, ranka ya daɗe. Ashe yana yawo da ƙamus a jaka. Ya miƙo mini. Na yi ta buɗe shafuka, gumi na ɗiga a kansu, yara sun zuba mini ido.

Da ya ga na kusa kaiwa bangon littafin, sai ya ce, "Bar wahalar da kanka, Malam. In barkwanci daga barkono ne, to tumasanci daga tumatir ne. Albasa kawai ta rage mu ɗora miya."

Aji ya kece da dariya, shugaban makaranta har da dukan tebur. Alhaji ya jira suka lafa, ya ce wa yara wannan da suka ji shi ne barkwanci, asalin kalmar kuwa shi ma bai sani ba.

Ƙarin girma sai da ya yi shekara biyu yana hanya. Amma na koyi cewa "ban sani ba." Kalmomi uku ne kacal, kuma har yau ba wanda ya ce in nuna masa su a littafi.