Fitsarin Mai Lafiya

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a wani ƙauyen masunta da ke ƙasar Guri ba, ko da zan manta sunayen jikokina (dama na fara). Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu. Ina saurayi, ban daɗe da gama makarantar midil ba, aka ɗauke ni aiki a ɗakin gwaji na asibiti a Haɗeja. Aikina wanke kwalabe ne da goge gilasai, amma in ka ji yadda nake ba da labari a gida, sai ka rantse lafiyar ƙasar gaba ɗaya a hannuna take. An ba ni kaki da gajeren wando da doguwar safa, na daina gaida mutane da kyau.

A shekarar aka turo wani Baturen likita, dogo, marar yawan magana, ya zo binciken tsargiya, ciwon nan da ke sa fitsarin jini. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "kawo" ba, don haka na zama tafintansa, kuma mai ɗaukar akwatin madubin likita.

Ga yadda muke yi. A karɓi fitsarin mutum, a zuba a 'yar siririyar kwalba, a sa a wata na'ura da ake juyawa da hannu, har abin da ke ciki ya kwanta a gindi. A ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, a tura ƙarƙashin madubin likita. In mutum na da ciwon, sai ka ga ƙwai masu kamannin ƙwallon dabino, kowanne da 'yar ƙaya. Ƙayar nan ce ke yi wa mafitsara rauni jini ya fito. Ban da wannan, mukan tsinto ƙananan dodon koɗi a gefen kogi, mu zuba a kofin gilashi da ruwa, mu ajiye a rana. In an jima sai wasu 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi su fito daga jikinsu suna iyo. Su ne ke huda fatar wanda ya shiga ruwa. Tsinto dodon koɗin ma aikina ne, kuma an ba ni dogon takalmin roba da umarnin kada ƙafata ta taɓa ruwa.

Kwananmu biyar a ƙauyen, mutane sun ƙi yarda a yi musu allurar maganin ciwon. A wurinsu jan fitsari ba ciwo ba ne, alamar balaga ce, iyayensu ma da shi suka girma. Likita ya ce in ranar nan ma ba su yarda ba, zai naɗe kayansa ya yi gaba. Sai aka tara maza a gindin tsamiya, aka kafa tebur, aka ɗora madubi.

Likita ya faɗi magana ɗaya, ni in mayar da ita goma. Ya ce, "Ciwon daga ruwa yake." Ni kuwa na gyara tsayuwa na ce, "Likita ya ce ku ne kuka ja wa kanku. Ku yi wanka a kogi, ku yi alwala a kogi, ku yi fitsari a kogi. Ku dube ni nan. Ɗan birni ne ni, tun da aka haife ni ban taɓa tsoma jikina a kogi ba, shi ya sa kuka gan ni garau." (Likita bai ce ko ɗaya daga cikin wannan ba. Yana ta gyaɗa kai ne kawai, yana zaton aiki nake.)

Sarkin ruwan garin wani tsoho ne baƙi siriri, Baba Bukar, mai magana a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Shi aka fara gwadawa. Ya kafa ido a madubi, aka nuna masa ƙwansa, ya ƙirga guda huɗu. Ya ɗago ya ce da ni, "Malam ƙarami, tambayar mini Bature. Ta yaya zan san ba a cikin ƙarfen nan aka zana su ba? Wataƙila ko ruwan randa aka sa, haka zai nuna."

Da na fassara, sai na ga Likita ya yi murmushi, karon farko tun da na san shi. Ya ce tambayar masu ilimi ce. Ya ce ba a tabbatar da ciwo sai an kwatanta na mai ciwo da na mai lafiya, kuma zai ba da nasa yanzu a gani.

Baba Bukar ya girgiza kai. "Na Bature daban ne, ba ya cin tuwo. A samo na ɗan'uwanmu baƙar fata wanda ba ya shiga kogi." Ya juyo ya dube ni. "Ai ga Malam ƙarami."

(Bari in tsaya nan in faɗa muku gaskiya. Takalmin robar nan zafi gare shi kamar tanda. Kullum da azahar, in Likita ya shiga tanti ya kwanta, sai in zagaya bayan wata giyayya, in tuɓe, in faɗa ruwa in yi iyo son raina. Kuma ba yau na fara ba, ni da kogin Haɗeja tun ina yaro. Jan da nake ɗan gani a ƙarshen fitsarina kuwa, na daɗe da ɗora wa zoɓo laifinsa.)

Da ina da hankali da na ce ba na jin fitsari. Amma sai na karɓi kwalba ina taƙama, na rubuta sunana a jiki da manyan baƙaƙe, na zagaya bayan darni. Ni na juya na'urar da hannuna, har ina yi ina kallon mutane. Ni na ɗiga a gilashi. Ni na tura ƙarƙashin madubi.

Likita ya duba. Ya daɗe. Ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Sannan ya faɗi wata magana da Turanci wadda ma'anarta ita ce bai taɓa ganin ƙwai masu yawan haka a ɗigo ɗaya ba. Ya juyo yana jiran in fassara.

Na ce, "Likita ya ce akwai 'yar ƙura a gilashin."

Kafin in rufe baki Baba Bukar ya riga ya sunkuya. Ya duba, ya ɗago, ya juya ga jama'a. "Nawa huɗu na ƙirga. Na Malam ba ya ƙirguwa, kamar an zubar da gero a tabarma."

Na ce an musanya kwalba. Wani ya ɗaga ta sama ya ce shi bai iya boko ba, amma ya ga lokacin da nake rubutun.

Ba wanda ya yi dariya tukuna, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Sai Baba Bukar ya ce, "To, magana ta ƙare. Malam bai taɓa shiga kogi ba, da bakinsa ya faɗa, amma ga ƙwai a nasa. Ashe ba kogi ba ne, ƙarfen ne ke ƙarya. Ku tashi mu tafi su."

Mutane suka fara miƙewa. Likita na ta tambayata me ake cewa. Na dubi yaran da ke leƙe daga nesa da kumburarren ciki, na dubi tsohon. Ko in bar ƙaryata ta tsaya aikin kwana biyar ya rushe, ko in kwance wa kaina zani a gaban gari.

Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "Baba, ina shiga."

"Ba mu ji ba, Malam."

"Ina shiga kogi. Kullum."

"Mun sani," in ji shi. "Kakinka muke gani a rataye a giyayya. Har mun hana yara jefa ƙugiya a wurin don kada su kamo ma'aikaci."

A nan ne dariyar ta fashe, har da masu riƙe ciki. Kuma ni ne na tsaya na fassara wa Likita duk wannan, kalma bayan kalma, don ba wani tafinta. Bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "A samo wani mai lafiyar."

Aka samo limamin garin, wanda kowa ya shaida tsoron ruwa yake, ko kwalekwale ba ya shiga, da ruwan rijiya yake komai. Nasa ya fito fes, ko ƙwai ɗaya babu. Baba Bukar ya daɗe yana nema bai samu ba, sannan ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: wanda ya fi kowa ƙwai shi zai fara karɓar allura.

Allurar zamanin nan a jijiya ake yin ta, ta sa ka tari, ta sa ka amai, kuma ba sau ɗaya ba ce. Na zauna a kan turmi ina kelaya, masunta na bin layi suna wucewa ta gabana, kowa ya zo sai ya ce, "Sannu, ɗan birni."

Na yi shekara talatin a ɗakin gwaji bayan wannan, na koyar da mutane da yawa. Abin da nake fara gaya wa kowane sabon ma'aikaci shi ne, kafin ka hau kan jama'a da wa'azi, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka gwada naka. In kuma ka ƙi ji, to aƙalla kada ka rubuta sunanka a kwalbar.