Minti Ɗaya Ba Ya Isar Gaisuwa

Jama'a, ranar Alhamis ɗin nan saura ƙiris tarbiyya ta ja wa 'yata maimaita shekara a jami'a.

Ina ƙofar gida a Unguwar Tudu ina ɗinke buhun masara, sai waya ta yi ƙara. Badi'a ce, 'yata da ke ajin ƙarshe a wata jami'a can cikin birni. Ranar ce za ta tura aikinta na kammala karatu ta intanet kafin azahar, in ba haka ba sai baɗi. Ashe sashen tsaron kwamfuta, Allah ya ƙara musu basira, sun fito da sabon salo: ba mai shiga akwatin saƙonsa sai an turo masa lambobin sirri ta waya, su kuma lambobin minti ɗaya suke yi su mutu. Layin da aka rubuta wa Badi'a tun shigarta kuwa nawa ne, don a lokacin na ce ba ta isa riƙe waya ba.

"Salamu alaikum. Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ya karatu?"

"Alhamdu lillahi. Ya su Inna? Ya ƙafar Gwaggo Asibi?"

Ƙafar Gwaggo Asibi ba a amsa ta da kalma ɗaya. Kafin in gama bayani, ta faɗi buƙatarta, in cire waya daga kunne, in lalubo tabarau, lambobi sun riga mu gidan gaskiya.

Aka sake turowa. Uwarta Ummu Hani ta jiyo muryar 'yarta, ta karɓe wayar tana tambayar ko ƙuli-ƙulin da ta aika ya isa. A karo na uku ina buɗe baki sai ga surukina Jibirin daga Garo ya doka sallama. Mutum ya taso tun daga Garo, ka bar shi tsaye kana karanta lissafi? Na'ura ta ce an gwada sau uku, lallai ɓarawo ne, ta garƙame akwatin.

Badi'a tana kuka ta ba ni lambar ofishin taimako. Wanda ya ɗauka, bari mu kira shi Mai Girma Sarkin Makullai, mutum ne mai ladabi. Sai da ya tambaye ni damina.

"Ranka ya daɗe, akwatin yarinya aka kulle."

"Ba damuwa, Alhaji. Ta turo mana ƙorafi ta akwatin."

"Shi aka kulle ai."

"To, idan an buɗe sai ta turo."

"A mayar da abin kan layinta mana."

"Ana yi. Za mu turo lambobin sirri zuwa naka."

Na ce wai wa ya yanke minti ɗayan nan? Ya ce kwamiti ne, ya zauna a otal, har ƙasar waje ya je ganin yadda ake yi. Mintin da aka haye teku aka ɗauko, ai ba na talaka ya raina ba ne. Da ƙyar, da haɗawa da iyaye, ya ce zai buɗe sau ɗaya tak, don mota na jiransa zai tafi taron ƙara wa juna sani kan sauƙaƙa wa ɗalibai.

Na ruga wajen maƙwabcina Malam Hambali, mai koyarwa a Islamiyya.

"Allah gafarta Malam, ya halatta 'ya ta kira ubanta ba gaisuwa?"

Ya shafa gemu. "Sallama dai ba a barinta. Amma ina gajiya da ya mutan gida, lalura ce, ana iya rama su daga baya."

Na koma na tsara gida. Ummu Hani ta shiga ɗaka. Jibirin ya tsare ƙofa, duk wanda ya taho ya yi masa alama da hannu. Na maƙala tabarau, na haddace lambobi suna shigowa. Waya ta yi ƙara.

"Salamu alaikum, Baba, ina..."

"Wa alaikumus salam, bakwai, huɗu, huɗu, tara, ɗaya, shida!"

Sai na ji ta ce, "Ya buɗe!" Ladan na gyara murya aiki ya tafi.

Gwaggo Asibi, da ta jiyo ni ta katanga, har yau tana gaya wa mutane cewa boko ya shiga gidanmu ta kan uban, ba ta kan 'yar ba. Badi'a kuwa ta kira da la'asar ta rama gaisuwar cif, har katinta ya ƙare a kan awaki.

Washegari jami'a ta turo saƙo wayata, tana gargaɗin kada ɗalibi ya bari kowa ya san lambobinsa, ko da mahaifinsa ne. Na karɓi gargaɗin hannu bibbiyu. An kuma ce min duk tsaron nan don maganin ɓarayin intanet aka yi shi, kuma har yanzu ba a ji wanda minti ɗaya ya yi wa kaɗan a cikinsu ba. Ban yi mamaki ba. Dama ɓarawo ba ya sallama.