Attaruhun Hashimu Tsari

Wani mutum ne a garinmu, Kwarin Giginya, ana ce masa Hashimu Tsari. In ka shigo gari ka tambayi gidan Hashimu kawai, za a ce maka wanne, amma da ka ƙara Tsari, ko kurma zai nuna maka ƙofar. Allah ya yi wa mutumin nan baki. Tun yana saurayi gwamnati ta tura su kwas na gyaran tarakta a wata ƙasa mai sanyi, irin ƙasashen nan da hukuma ke riƙe da komai. Wata uku ya yi. Ni na raka shi tasha, ni na taro shi, don haka kada wani ya zo ya gaya mini. Amma a bakinsa wata ukun nan ta yi ta haihuwa, ta zama shekara biyu, ta zama biyar, bara waccan na ji ta kai tara. A hanyar dawowa kuma jirginsu ya yada zango a wata ƙasa ta 'yan jari-hujja, suka yi awa shida a filin jirgi suna gyangyaɗi a kan benci. To wannan awa shidan ita ce yake cewa ya zauna a can ya nazarci tattalin arzikinsu ciki da bai.

Kullum bayan la'asar, in mun taso daga fadama mun zube a gindin ɗorawa, sai ga shi da gilashi a karan hanci.

"Ku fa ba ku san duniya ba," in ji shi. "Ƙasa iri biyu ce. Akwai ta kasuwa, akwai ta tsari. Duk na zauna a cikinsu. A ta kasuwa kowa gaban kansa yake yi. Burodi da safe kuɗinsa daban, da yamma daban. Mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, dillali ya yi ƙiba, manomi ya rame. Hauka zalla! A ƙasar tsari kuwa, ofis ɗaya ne, hawa goma sha biyu. Mutanen ciki sun san ƙafa nawa ce a ƙasar, sun san takalmi nawa za a ɗinka. Sun san kaza nawa ce, sun san ƙwai nawa za ta saka ranar Talata."

Akwai wani tsoho a cikinmu, Baba Sallau, wanda ya fi shekara hamsin yana noman rani. Ba ya son hayaniya, amma in ya jefo maka tambaya sai ka ji ta a haƙarƙari.

"To Hashimu, in kazar ta ƙi fa?"

"Ba ta ƙi, Baba. An rubuta."

"Ikon Allah. Kazar ta iya karatu ke nan."

Muka bushe da dariya. Hashimu ya yi tsaki, ya ce irin wannan tambayar ƙauyen ce ta hana mu ci gaba.

Da a baki abin ya tsaya, da ba wanda ya yi asara. Sai aka yi wata shekara albasa ta karye, dillalai suka yi mana cin kaca, kowa ransa a ɓace. Lokacin zaɓen shugaban ƙungiyarmu ta masu noman rani ya zo, Hashimu ya miƙe ya yi ta zuba har makogwaronsa ya bushe. Ya ce matsalarmu ɗaya ce, muna noma irin na ƙasar kasuwa, wannan ya shuka karas, wancan kabeji, wani attaruhu, kowa da abin da ya yi mafarki. Ya ce in muka ba shi shugabanci zai mai da fadamar nan ƙasar tsari. Muka ɗaga hannu, mu arba'in da ɗaya. Har da ni, wallahi, hannu biyu ma na ɗaga. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Sati bai zagayo ba ya kafa allo a gindin ɗorawa, ya zana fadamar da alli, ya ɗauki kara yana nunawa.

"Bana tumatir za a shuka. Kowa da kowa. Iri ɗaya, dashe rana ɗaya, ɗiba rana ɗaya. Na riga na gama magana da wani kamfanin tumatirin gwangwani a birni, za su turo motoci su kwashe gaba ɗaya, farashi ɗaya. Ba dillali, ba ciniki."

Baba Sallau ya gyara zama. "Hashimu, tun kakanninmu ba a dashe rana ɗaya. Ana yi kashi-kashi, wannan na nuna, wancan na fure. Kuma ba a cika fadama da abu guda. Ni dai ka bar mini fangalin attaruhuna."

"Babu attaruhu a tsari."

"Ko fangali biyu?"

"Ko tushe ɗaya, Baba. Wanda ya kauce wa tsari, babban injin ban-ruwa na ƙungiya ba zai ga gonarsa ba."

To ruwa kuwa shi ne rai a noman rani. Baba Sallau ya je ya tuge renon attaruhunsa da hannunsa, yana tugewa yana girgiza kai.

Abin da ba mu sani ba, ɗan bala'in nan lissafinsa daban yake. Kusan duk attaruhun da ake sayarwa a kasuwar 'yan gwari ta Tashar Gwani daga fadamarmu yake fita. In mutum arba'in suka bar shuka shi, sai ya zama zinariya. Ashe Hashimu ya haye rafi, can wani ƙauye bayan dutse, ya kama hayar gona babba ya cika ta da attaruhu tsaf. Duk Laraba sai ya saka babbar riga ya ce mana ya tafi taro da manyan kamfani. Mu kuma mu bi shi da addu'a, Allah ya kiyaye hanya, Shugaba. Ashe ban-ruwa yake zuwa.

Tumatir kuwa ya yi kyau, kada in ci haƙƙinsa. Ranar da ya nuna, fadama ta yi jawur tun daga bakin rafi har gindin dutse. Muka ɗiba rana ɗaya kamar yadda aka tsara, muka jera kwanduna a bakin titi, muka zauna jiran motocin kamfani.

Ranar farko, shiru.

Rana ta biyu muka tare shi. "Shugaba, ina motoci?"

"Suna hanya. Tsari ba ya son gaggawa."

Rana ta uku tumatir ya fara kuka, ruwa na tsiyaya ta ƙasan kwando, ƙudaje suka kira 'yan uwansu na maƙwabta. Mata suka fito da wuƙaƙe suna yankawa a shanya kauɗa, har aka rasa inda za a taka a gari. Rufin ɗaki kauɗa, bayan masallaci kauɗa. Duk da haka ko kashi ɗaya cikin goma ba a rage ba. Wannan tumatir fa shi ne abincin gidajenmu har damina, shi ne taki, shi ne kayan sallar iyali.

Rana ta huɗu ta kama ranar kasuwar Tashar Gwani. Da sassafe Hashimu ya fito cikin babbar riga fara sol, ta sha bugu, ya ce yau da kansa zai je birni ya taho da motocin. Ya kafa mana doka kada wanda ya kuskura ya kai ko kwando ɗaya kasuwa.

Ƙurarsa na kwantawa Baba Sallau ya miƙe ya kaɗe riga.

"Ni dai zan kai nawa kasuwa. Wanda zai zauna gadin ƙudaje ya zauna."

Ba wanda ya zauna. Muka samo wata tsohuwar gingimari, muka loda abin da ya ɗan yi saura da rai, muka ɗare sama.

Kayya! Da ma ba mu je ba. Kasuwa ta riga ta cika da tumatirin wasu garuruwa, ga namu kuma ya zo a gajiye. Mai saye ya ɗaga ganyen saman kwando, ya toshe hanci, ya wuce. Wani ya taya nawa, na rantse da Allah kuɗin da ya faɗa bai kai na kwandon da babu komai a ciki ba. Wata mata ta ce in zan zubar in sayar mata da kwandon. Na zauna a kan taya na rafka tagumi, idona ya kawo ruwa, ba zan ɓoye muku ba.

Can sai muka ji hayaniya ta ɓangaren rumfar Ilu dillali. Mutane sun yi cincirindo, ana ture-ture, masu tuwo-tuwo da 'yan sari kowa na miƙa hannu. Aka ce ai attaruhu ne ya shigo, buhu talatin, kuma duk kasuwar babu wani. Muka matsa mu ba idonmu abinci. Kafin mu ƙarasa sai ga wata murya tana tashi a tsakiyar taron.

"Albarka! Na ce albarka! Hajiya, ba ni na yanka farashi ba, kasuwa ce ta yanka. Abu in ya yi ƙaranci dole ya yi tsada, haka ake yi a duk ƙasar da ta ci gaba. Na zauna a can, na sani. In ba ki saya ba ga wani a bayanki!"

Baba Sallau ya tsaya cak. Ya dube ni, na dube shi.

Muka kutsa. Ga Shugaba a zaune ɗare-ɗare kan buhu, ya naɗe hannun babbar riga, gilashi a goshi, attaruhu jawur cike da tafinsa yana ɗagawa sama.

"Salamu alaikum, Shugaba," in ji Baba Sallau. "Nan ne birnin?"

Attaruhun ya zube ƙasa, warwar. Hashimu ya waiga hagu, mu ne. Ya waiga dama, mu ne. Mutum arba'in, kowa rigarsa ta jiƙe da ruwan ruɓaɓɓen tumatir, kowa ido ja. Gumi ya karyo masa.

"Baba... ai... wato... motocin ne suka samu matsala, shi ne na biyo..."

"Ka biyo ka taya wani ciniki. Allah ya yi albarka. To na wane ne kayan?"

Ilu dillali tsohon ɗan kasuwa ne, ya ga abin da ke shirin faruwa, kuma ba ya son a farfasa masa rumfa. Ya ɗaga hannu.

"Malam Hashimu, a yi ta a gaban shaidu. Kai ka kawo mini kaya da safe. In naka ne, in sayar in damƙa maka, ka fita ka ji da mutanen nan, amma a wajen rumfata. In kuma ba naka ba ne, ka faɗi mai shi."

Na ga wasu daga cikinmu sun fara cire takalmi. Hashimu ma ya gani. Ya jawo gilashi ya mayar kan hanci, ya yi gyaran murya irin ta taro.

"Jama'a, kun yi mini gaggawa. Wannan ai kayan ƙungiya ne. Gonar gwaji ce ta sirri da na buɗe muku. Duk ƙasar tsari tana da irinta. So na yi in ba ku mamaki."

"Na ƙungiya ne?"

"Na ƙungiya ne, Baba."

"Duka talatin ɗin?"

Muryarsa ta dawo kamar ta ɗan tsako. "Duka."

"Allahu akbar!" in ji Baba Sallau. "Jama'a, ku mai da takalmanku, mun zalunci bawan Allah. Ilu, ka ji da kunnenka. Sayar mana da kayanmu, kuma kada ka rage ko sisi, Shugaba ya ce kasuwa ce ta yanka."

Kafin azahar buhu talatin sun tashi. Hashimu na tsaye yana kallo, duk buhun da aka ɗaga sai ya runtse ido. Aka raba abin da aka samu gida arba'in da ɗaya, aka miƙa masa nasa daidai da na kowa. Hayar gona, iri, taki, man inji, Larabar wata huɗu, duk sun tafi sadaka. Har godiya muka sa ya karɓa, kowa ya zo ya yi masa musafaha. A nan tsaye kuma, a gaban masu tuwo-tuwo, aka ɗaga hannu aka sauke shi daga shugabanci. Wannan karon ma hannu biyu na ɗaga.

Sai maganar komawa gida. Motar da ta kawo masa kaya ta daɗe da tafiya. Tumatirinmu da ya ƙi sayuwa kuma sarkin kasuwa ya ce ba za mu bar masa ƙazanta ba, dole muka juye shi a bayan gingimari, muka tsaya a gefe-gefe muna riƙe da ƙarfe. Hashimu ya tattare babbar riga ya nufi gaban mota. Baba Sallau ya riga shi kama ƙofa.

"A'a, Hashimu. Gaban mota na wanda ya biya ne, wannan harkar kasuwa ce, ba ta dace da kai ba. Kai kwamiti ya zauna ya ware maka wuri."

Ƙarti huɗu suka ɗaga shi cak, suka ajiye shi a tsakiya. Facal! Ya nutse har ƙugu. Duk ramin da mota ta faɗa sai ka ji caɓal, ya ƙara yin ƙasa, ƙudaje na yi masa rakiya.

Muna shiga gari direba ya rage gudu a bakin rijiya, inda mata suka taru ɗiban ruwa. Wata baƙuwa da ta zo biki ta hango jan kaya a mota, ta ɗaga murya.

"Masu mota! Tumatirin na sayarwa ne?"

Baba Sallau ya leƙo da kai ta taga.

"Na ƙasan kyauta ne, Hajiya, kawo bokiti. Na saman nan mai gilashi kuwa, in kin yarda kin ɗauke shi, mu za mu biya ki."